Silif ko haibanet: wanne ya fi dacewa da tsohuwar laftof?

Ɗan uwa, ka ce laftof ɗinka ta kwana biyu, Windows 10 ce a kanta, RAM giga 4. In ka rufe murfi ka dawo, wani lokaci ka tarar ta mutu murus, aikin da ka bari a buɗe ya tafi. Wani lokaci kuma fitila na ci, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Kana tambaya ko ka bar silif (Sleep) ka koma haibanet (Hibernate), wato hanyoyi biyu na kwantar da kwamfuta ba tare da rufe aikinka ba. Ka koma ɗin, amma fa ɗaya daga cikin matsalolin biyu kawai zai kawar maka, domin ba daga wuri ɗaya suka fito ba.

Silif da haibanet duka suna cikin tsarin sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Silif irin na tsofaffin na'urori shi ne S3, haibanet kuma S4. A silif, kwamfuta tana kashe allo da faifan ajiya da fanka, ta bar wa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ke buɗe, 'yar wuta kaɗan don kada ta manta abin da ke cikinta. A haibanet, sai ta kwashe abin da ke RAM ta rubuta shi cikin wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys a kan C:, wato ɓangaren faifan da Windows ke zaune, sannan ta yanke wuta baki ɗaya. Silif mai gyangyaɗi ne da kaya a kansa, haibanet kuwa ya sauke kayan kafin ya kwanta. Shi ya sa silif ke farkawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, shi ya sa kuma da zarar wuta ta ɗauke komai ya zube. Wadda ke haibanet, ko ka cire batir ka ajiye ta mako guda, za ta dawo maka da shafin da ka tsaya.

Mutuwar da kake tararwa, batir nake zargi. A ƙa'ida, in caji ya kusa ƙarewa ana cikin silif, Windows kan ɗan farka ta shiga haibanet da kanta. Matsalar ita ce tsohon batir ƙarya yake yi: yana nuna kashi 40, jim kaɗan ya faɗi sifili, ba a samu zarafin rubuta komai ba. Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta powercfg /batteryreport. A rahoton da zai fito, dubi layi biyu, Design Capacity da Full Charge Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, kada ka ƙara damƙa wa silif aikin da ba ka adana ba.

Haibanet ma da nasa kuɗin da ake biya, amma da lokaci. A Windows 10 girman fayil ɗin yakan zama kashi 40 cikin ɗari na RAM, a Windows 7 kashi 75 ne. Naka zai kai giga ɗaya da rabi da 'yan kai. A kan faifai mai juyi irin na da, mai juyi sau 5400 a minti, za ka zauna kana jira. A kan SSD, wato sabon faifai marar juyi, da kyar za ka ji bambanci, kuma tsoron da wasu ke yi cewa haibanet na cinye SSD, a ganina an kambama shi. Inda haibanet yake kasawa shi ne in C: ya cika maƙil, ko faifan ya soma lalacewa, ko fayil ɗin kansa ya gurɓace. Alamarsa ita ce laftof ta soma farkawa, ta tsaya cak a tambarin Windows, ko ta tashi fes kamar ba a bar komai ba. Rubuta powercfg /h off, sannan powercfg /h on, za a share tsohon fayil a gina sabo. In abin ya maimaitu, ka binciki lafiyar faifan, ka kwafe muhimman abubuwanka tun da wuri.

Baƙin allo kuma, nan ne sauya sheƙa ba lallai ya taimaka ba, don a duka hanyoyin biyu sai direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa allo, ya sake kunna allon. In ya faru, kada ka yi saurin danne maɓallin wuta. Latsa Caps Lock ka kalli 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar na raye, allo ne kawai bai tashi ba. Haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda, za ka ji ɗan ƙara, direban ya sake tashi. Daga nan shiga Device Manager ka ga sunan da ke ƙarƙashin Display adapters. In Microsoft Basic Display Adapter ka gani, babu direban gaske a kanta, kuma a irin haka silif ma kan ɓace daga jerin zaɓi. Na'urorin da aka ƙera don Windows 7 aka ɗora musu 10 sun fi fama da wannan. Sau da yawa tsohon direban da ke shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya fi sabon da Windows ta sauko da shi zaman lafiya. Bayan ka sauya, Restart za ka yi, ba Shut down ba. Tun Windows 8 a 2012 akwai Fast Startup, wanda ya mai da kashewa rabin haibanet, sai tsohon rikicin ya kwana a fayil ya tashi da kai. Sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada na'urar kafin Windows, na iya gyara wasu, amma da irin batirinka, ni ba zan taɓa shi ba sai caja na jone daram.

Akwai wata ɗabi'ar da ba ka ambata ba, wadda ta fi yawa a silif: laftof ta farka da kanta cikin jaka, ka ciro ta da zafi rau. Maus ɗin da ya motsa, ko katin intanet, ko sabuntawar da aka sa wa lokaci, duk suna iya tashinta. powercfg /lastwake zai faɗa maka wanda ya tashe ta, powercfg /devicequery wake_armed kuma ya jera waɗanda aka ba iznin. Ka ƙwace iznin a Device Manager, a shafin Power Management na kowace na'ura.

Ga yadda zan saita ta in tawa ce. A Control Panel, shiga Power Options, ka zaɓi Choose what closing the lid does. Akwai gida biyu, na batir da na caja. A na batir sa Hibernate, a na caja bar Sleep. In babu Hibernate a jerin, powercfg /a zai nuna maka matakan da na'urar ke iyawa da dalilin hana sauran. Ka gwada da fayil marar muhimmanci a buɗe: rufe murfi, jira fitilu su mutu duka kafin ka ɗaga ta, don faifai mai juyi ba ya son girgiza yana cikin rubutu.