Na Alhamis ko na Asabar: wanne ya fi wuya a wasan cike kalmomi na New York Times?

Ɗan'uwa, ka ce kana gama na Litinin da Talata ba gargada, amma daga Alhamis sai ka cije, kuma kana son sanin wanne ya fi wuya tsakanin na Alhamis da na Asabar. A taƙaice na Asabar ne, sai dai wuyar tasu ba iri ɗaya ba ce.

Jaridar ta fara buga wasan (crossword, inda ake cike gidaje da haruffan amsoshin tambayoyi da Turanci) a 1942, kuma Will Shortz ya zama editansa a 1993. A tsarinta na Litinin ya fi sauƙi, abin ya yi ta ƙara tauri har Asabar. Na Lahadi girma kawai ya ɗara su, gida 21 a kwance 21 a tsaye maimakon 15, amma taurinsa na tsakiyar mako ne.

Na Alhamis tarko ɗaya ake ɗanawa. Ka san amsar sarai, ka ƙirga gidajen sai ka ga ba su isa ba. Sau da yawa abin da ake so shi ne ka cusa harufa uku ko huɗu, wani lokaci kalma sukutum, cikin gida ɗaya. Wata ranar a juye ake rubuta amsar, ko ta karya kwana ta gangara ƙasa. Kana iya shafe rabin sa'a kana zargin kanka, amma da ka gano dabarar sauran sai su zube. Yawanci ma akwai tambaya guda can wajen ƙasa da ke yi maka hannunka-mai-sanda, ita ya kamata ka fara nema. Shahararren wasan ranar zaɓen shugaban Amurka na 1996, wanda ko CLINTON ka rubuta ko BOBDOLE (sunayen manyan 'yan takarar biyu) duk gidajen za su karɓa, irin wannan wayon ne, ko da yake ran Talata ya fito.

Na Asabar babu jigon da ya haɗa amsoshin, babu dabara ɗaya da za ta buɗe maka ƙofa. Baƙaƙen gidaje kaɗan ne, kalmomin ba su wuce 72 ba, dogayen amsoshi jere a kan juna, kowace tambaya kuma da nata makircin. Biskit ɗin OREO da ran Litinin za a ce maka "biskit ɗin kamfanin Nabisco", ran Asabar sai a ce "abin taɓawa tun 1912". Tun da kowace tambaya da babban harafi take farawa, idan ka ga Turkey a farko ba ka san talotalo ake nufi ko ƙasar Turkiyya ba. Aikatau irin su put da hit siffarsu ɗaya ko an riga an yi aikin ko yanzu ake yi, kuma da gangan ake zaɓo su. Alamar tambaya a ƙarshe na nufin akwai wasa da kalma, kamar a kacici-kacici, to amma ran Asabar ba kullum ake yi maka wannan alfarmar ba.

A ganina na Alhamis ya fi yi wa irinmu adalci, domin basira yake nema. Na Asabar kan haɗa da sunayen 'yan wasan ƙwallon Amurka da tsofaffin shirye-shiryen talabijin ɗinsu, abin da wanda bai tashi can ba zai sha wuyarsa. Abin da ke ceto shi ne kowane harafi na cikin amsa biyu, ta kwance da ta tsaye, kuma tambayar jam'i amsarta jam'i ce, don haka sau tari kana iya saka S a gidan ƙarshe tun kafin ka san kalmar.

Kada ka yi tsalle zuwa Asabar tukuna. Ka zauna kan na Juma'a na ɗan lokaci: shi ma ba shi da jigo, amma tambayoyinsa sun fi sassauci. Da fensir kuma, ba biro ba.