Sashen gwajin jini kafin aure a Gusau: abin da na gani da idona

A makon jiya na raka ƙanena da yarinyar da zai aura zuwa sashen gwajin cutar ƙanjamau na wani asibitin gwamnati a nan Gusau, domin limamin unguwarmu ba ya ɗaura aure sai an kawo masa takardar gwaji. Da farko dattawan gida sun ɗauki sharaɗin a matsayin zargi, amma da liman ya bayyana a huɗubar Juma'a cewa kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma cuta jarrabawa ce, ba shaidar fasiƙanci ba, sai hankalinsu ya kwanta.

Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta cancanci yabo. Ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ƙofa, ni kuwa ta ce mini, "Alhaji, ka yi haƙuri ka jira a waje, wannan sirrinsu ne." Ɗigon jini kawai aka ɗauka a ɗan yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 20, kuma ba a karɓi ko sisi ba. Daga baya ƙanena ya faɗa mini cewa ta yi musu bayanin yadda sabon kamu kan iya ɓuya har wata 3 kafin gwaji ya nuna shi, da yadda shan magani kullum, wanda ake bayarwa kyauta, yake danne ƙwayar cutar har ta kasa kama abokin zama, uwa kuma ta haifi jariri lafiya.

Inda raina ya ɓaci shi ne wurin jira. Benci ne a fili ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan sashen, duk mai wucewa sai ya ƙare maka kallo, sannan takardar sakamakon ma a buɗe aka miƙo ta ba ambulan. A ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 na ɗauke da cutar, wannan sakaci zai iya korar masu tsoron tsangwama, waɗanda malamai da fastoci suka sha wahala kafin su shawo kansu.

Liman ne ya rufe mana wannan giɓi. Ya karɓi takardun a zaurensa shi kaɗai, ya duba, ya ninke, ya mayar wa kowa tasa ba tare da ko waliyyi ya leƙa ba, sannan aka sa ranar ɗaurin aure.