Sharhi Kan Kundin Waƙoƙin Gargajiya na Ingila da Ayilan

Na sayi wannan kundi mai faifai biyu ne saboda tallarsa ta ce zai nuna bambancin waƙoƙin gargajiya na Ingila da na Ayilan, kuma duk wanda ya neme shi ya san kuɗinsa ba na wasa ba ne. Tun daga ɗan littafin da ke cikin kwalin raina ya fara ɓaci, domin an yanke hukunci cewa na Ayilan ne na asali, na Ingila kuwa ƙirƙirar 'yan boko ce. Gaskiya ne Cecil Sharp, Baturen Ingila da ya soma aikinsa na tattara waƙoƙin gargajiya a yankin Somerset na ƙasar a 1903, ya riƙa haɗa su da fiyano don a koyar a makarantu, amma ai daga bakin talakawan karkara ya karɓo su.

Abin da ya fi ƙona mini rai yana cikin faifan Ayilan ɗin da suke tinƙaho da shi. Akwai waƙar wata dattijuwa a salon sean-nós, wanda ake rerawa da harshen ƙasar, murya zalla ba kiɗa, kamar yadda aka san mutanen Connemara, wani yanki a yammacin Ayilan, da shi. Sai kamfanin ya shimfiɗa mata kiɗan na'ura a ƙarƙashi, har ya danne karyawar muryarta da jan numfashinta, alhali nan ne daɗin waƙar yake. Sauran waƙoƙin kuma an cika su da buzuki, abin kiɗan Girka mai tsirkiya wanda sai a shekarun 1960 ya shiga kiɗan Ayilan. Ba na ƙin buzuki ko kaɗan, amma bai kamata a sayar mini da shi da sunan gadon kaka da kakanni ba.

Faifan Ingila da aka raina shi ya sanyaya mini zuciya. An bar tsohon ɗaukar wani dattijo yadda yake, ana jin ƙarar na'urar lokacin, ana jin gyaran muryarsa tsakanin baitoci, har na fara tunanin yafe musu.

Sai dai da na koma neman algaitar uilleann ta Ayilan, wadda ake zuga mata iska da gwiwar hannu, kuma UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2017, guntun kiɗa ɗaya na tarar, shi ma an datse shi kafin ya kai ƙarshe. Wanda zai iya samun faifan Ingila shi kaɗai ya saya, amma ban ba kowa shawarar biyan kuɗin kundin gaba ɗaya ba.