Kafin ka sayi ekuter na tuƙi a Maraɗi

Ƙanena mai kabu-kabu ya dawo daga babbar kasuwa da ekuter mara igiya, guda biyu cikin ɗan akwati fari, wai yanzu zai amsa kiran fasinja hannunsa na kan babur. Kwana uku sai ga shi da guda ɗaya. Ɗayan ya faɗi a wani gargada wajen unguwar Zariya. Na ce masa gara da ya faɗi, ko ba komai kunne ɗaya ya samu ƴanci.

Irin wannan mai toshe kunne biyu shi ne na ƙarshe a lissafina, komai daɗin sautinsa. A titinmu da kunne ake rabin tuƙi: odar tirela daga baya, ihun mai amalanke, adaidaita da ta ɓullo ta hagu ba sigina. Masu tsadar ma har da fasahar kashe hayaniyar waje, wato ka biya kuɗi a kurmantar da kai. Faransa ta hana direba da mai babur sanya kowane irin ekuter tun 1 ga Yulin 2015, tarar Yuro 135 da cire maki 3 daga permi. Ingila kuwa riƙe salula a hannu ta haramta tun 2003, ta bar na kunne.

Mai igiya ya fi araha, ba ruwansa da caji, amma igiyar kan sarƙe da giya ko madubi.

Na kunne ɗaya mai Bluetooth yana da dama-dama ga mai babur. Nemi mai maƙalli a bayan kunne, da maɓalli babba da yatsa zai samu ba sai ka duba ba.

Ga mai mota, abin da nake ba da shawara shi ne ƴar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta ɗauki kiran ta tura shi rediyo ta tashar FM da ba kowa a kanta. Kunnuwa duka a buɗe, ga cajin waya a kyauta. Aibinta, fasinjan Ɗan Isa duk za su ji maganar kuɗin cefane da uwargida. Haɗa da maƙalin waya mai kama ramin iska. Mai manne wa gilashi ba ya jure zafin Afrilu, sai ka tsince shi ƙarƙashin birki.

Kada dai mai shago ya ruɗe ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya ninka haɗarinsa kusan sau 4, kuma yin waya ba tare da riƙe salular a hannu ba bai rage wani abin kirki ba, don hankalin ne ke tafiya. A gudun kilomita 50 a awa, daƙiƙa 2 na shagala sun kai mita 28.

Kafin ka miƙa kuɗi, fito bakin titi da kayan, ka kira wani, ka tambaye shi ko muryarka yake ji ko iska.