Ƙarar mandamus kan bizar iyalina: yadda muka yi da lauya

Mutane na ta tambayata a WhatsApp wai da gaske ne na kai gwamnatin Amurka kotu saboda bizar maiɗakina, to eh da gaske ne, bari in faɗi yadda muka yi da lauyan da na ɗauka ko wani zai amfana.

Fom ɗin I-130, wanda ake cikewa don nema wa iyali izinin zama a Amurka, ya wuce lafiya, ta je intabiyu a ofishin jakadancin Amurka, sai aka miƙo mata takardar nan ta 221(g) aka ce za a ƙara bincike. Daga nan shiru kake ji. Na tura imel har na gaji, na rubuta wa ofishin ɗan majalisarmu, amsa ɗaya ce kullum, ana kan aiki. Yarinyarmu ta fara tafiya ta fara magana duk a waya nake gani, ga dangi a gida sun fara ƙus-ƙus wai ko dai na yi wani auren ne a nan. Wallahi wannan ya fi komai ci min rai.

Abin da ya fara burge ni da lauyan shi ne bai yi min daɗin baki ba. Zaman farko ya ce Malam ka sani mandamus ba ta sa a ba da biza, iyakarta alƙalin kotun tarayya ya tilasta musu su yanke hukunci, kuma hukuncin zai iya zama a'a. Ya ce dokar APA ta 1946 ce ta wajabta wa hukumomi su gama aiki cikin lokacin da ya dace, amma ba ta faɗi wata nawa ba, shi ya sa alƙalai suke korar ƙarar wanda ya yi gaggawa. Ya tambaye ni ko akwai wani abu a tarihinta ko nawa da muke ɓoyewa, don idan akwai gara kar a taso da fayil ɗin. Sannan ya sa na tattaro komai, rasit ɗin kuɗin da nake turawa, takardar likita lokacin da hawan jininta ya tashi, da duk imel ɗin da aka ƙi amsawa.

Kuɗin kotu dala 405 ne, na lauya daban, kuma gaskiya na ji a jikina, sai da na ci adashi. Bayan an kai musu sammaci gwamnati na da kwana 60 ta ba da amsa. Kafin wa'adin ya cika lauyan gwamnati ya tuntuɓi nawa, ba a jima ba aka ce ta kawo fasfo da sabon gwajin asibiti tunda na farko ya ƙare, aka buga biza, mu kuma muka janye ƙara. Ko ƙofar kotun ban taka ba. Alhamdulillahi.

Inda lauyan da mutanen ofishinsa suka gaza kuwa sai na faɗa. Da zarar ka biya, samun lauyan a waya ya zama aiki, sakatariyarsa ce kawai, ita ma sai ka yi ta bibiya. Sai da na buɗe PACER, shafin intanet na bayanan shari'o'in kotunan tarayya, da kaina nake duba inda shari'ar ta tsaya. Na biyu, a cikin yarjejeniyar akwai layin da ke cewa idan gwamnati ta nemi a kori ƙarar, mayar da martani kuɗi ne sabo, ba su faɗa min da baki ba, ni na gano da na zauna karantawa. Don Allah ku karanta kafin ku sa hannu, wanda Turancinsa bai nuna ba ya tafi da wani.

Wani abokina ya je wajensu kan takardun ƙaninsa, suka ce masa kar ya ɓata kuɗinsa, domin layin bizar 'yan'uwa, wato F4, jiran gurbi ne a Visa Bulletin, jadawalin da gwamnati ke fitarwa duk wata na waɗanda layi ya zo kansu, ba jinkirin ma'aikata ba, kotu ba ta da abin yi a kai. Da sun so da sun karɓe kuɗinsa. Saboda wannan zan iya tura mutum wajensu, amma tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan sai ranar da suka fara ɗaga waya.