Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi ko lemon citta: yadda ake ɗanɗanawa kafin a ba da odar taro a Kaduna

Daga Rigasa zuwa Barnawa, daga Kawo zuwa Sabon Tasha, da wuya a sami unguwar da ba ta da mata uku ko huɗu masu haɗa abin sha na gida suna ɗurawa a gora don biki, suna, walimar sauka, buɗa-baki ko taron coci. Yawancinsu sun iya, wasu kuwa zaƙi da sanyi ne kawai ke rufa musu asiri. Mai oda kan karɓi gora ɗaya da aka ciro daga ƙanƙara, ya kurɓa cikin ƙishi, ya ce ya yi, ya biya kafin alƙalami. Ran taro da la'asar sai a tarar goruna sun kumbura. Abin da za a sha da ƙarfe huɗu na yamma a ƙarƙashin rumfa cikin watan Afrilu ba shi ne aka ɗanɗana ba, don haka gwajin da ya kamata shi ne wanda ya yi kama da ranar taron.

Ku nemi samfur daga masu yi uku, gora uku uku. Ɗaya ta ɗanɗanawa, ɗaya a ajiye ta a inuwa ba sanyi, ɗaya a firji. Wadda za a ɗanɗana a fito da ita minti 15 zuwa 20 kafin a buɗe, saboda tsananin sanyi yana dushe harshe, yana ɓoye tsami da ɗacin sinadari da warin ruwa. A zuba a kofin gilashi mai haske, ba na roba mai launi ba. Wani daban ya zuba, ya rubuta sunan mai shi a ƙasan kofin, don kada kunyar maƙwabciya ko ta 'yar uwa ta shiga hukunci. A fara da kunun aya, sai kunun zaƙi, sai zoɓo, citta ta zo ƙarshe, domin idan yajinta ya kama baki an gama jin komai. A kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Wanda ya ci goro ko yaji, ko ya goge baki da man goge haƙori bai jima ba, ya dakata.

Kunun aya shi ne abin da baƙi suka fi wawaso, shi ne kuma ya fi kunyata mai taro. Ba shi da tsamin da zai kare shi, ga sukari ga mai ga sitaci, wato duk abin da ƙwayoyin cuta ke so. A lokacin zafi awanni kaɗan a waje sun isa su juya shi. Mai kyau farinsa ya ɗan ja zuwa ruwan madara, yana da gardi, kuma idan ya zauna farin gari kan kwanta a gindin gorar, da an girgiza ya haɗe. Wannan kwanciyar ba aibi ba ce, shaida ce cewa aya ce. Abin lura shi ne kauri. Kilo 1 na busasshiyar aya lita 4 yake bayarwa, a matsa ya kai 5. Wadda ta ja shi zuwa lita 8 dole ta cike giɓin da sukari da filebo, wani lokaci da garin madara ko niƙaƙƙiyar shinkafa. Za ku gane: zaƙi ya zo da ƙarfi ya wuce, baki ya koma salam, ba wani maiƙo-maiƙo da ya rage a harshe.

Ku murza ɗigo tsakanin yatsu biyu. Idan yana jan yauƙi, ya fara lalacewa ko da bai yi tsami ba. Idan kun ji ƙasa-ƙasa a haƙori, ba a rege ayar da kyau ba, ko an tace da rariya mai faɗin ido maimakon kyallen tata. Ɗanɗanon sabulu ko na tsohon mai daga kwakwar da ta kwana a fashe yake zuwa. Sannan ku tambayi inda ake niƙa. Injin unguwa da ya gama markaɗen tattasai da albasa ko waken ƙosai yana barin warinsa a ciki, yana kuma zuba masa ƙwayoyin da za su gaggauta lalacewarsa. Mai yin kunun aya da gaske tana da nata injin ko babbar bilenda, tana niƙawa da ruwan sanyi ko ƙanƙara don kada zafin injin ya ɗumama shi. A ganinmu kada a yi odar kunun aya sai an tabbatar za a yi shi da asubahin ranar, zai iso cikin kula da ƙanƙara, kuma za a raba shi cikin awa biyu zuwa uku. Ya dace da buɗa-baki da ƙaramar walima. Bai dace da wunin biki da mata za su yi ta shigowa daga hantsi har magariba ba.

Kunun zaƙi ya fi kowanne bukatar gwaninta, kuma sanin yadda ake yinsa shi ne hanyar gane kuskurensa. Ana jiƙa gero ko dawa, ko a haɗa su, kwana ɗaya zuwa biyu ana sauya ruwa. A wanke, a niƙa da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankalin Hausa, wasu da tsiron shinkafa ko na dawa. A raba ƙullun biyu. Kaso mafi yawa a dama shi da tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, a bar shi ya ɗan huce, sannan a zuba ɗanyen kason a juya a rufe ya kwana. Cikin daren abin da ke cikin dankalin da tsiron yana narkar da sitaci ya mai da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙin kansa, ɗan tsami mai daɗi kuma ya shigo. Da safe a tace.

Idan an zuba ɗanyen ƙullu tun damun yana tururi sosai, zafi ya kashe aikin, sai a sami kunu mai kauri da ke kama maƙogwaro, zaƙinsa duk na sukarin buhu. Idan an bari ya huce sarai, ko ruwan damun bai tafasa da kyau ba, sai gafin ɗanyen hatsi ya fito, ruwa ya tsaya a sama gari ya zube ƙasa cikin 'yan mintoci. Wajen digiri 60 ne daidai, wato ya daina ƙuna nan take amma da sauran zafinsa. Warin bashi yana nufin an jiƙa hatsin ba a sauya ruwa ba. Ƙauri kuwa tukunya ce ta kama. Na gero ya fi laushi da ƙamshi, launinsa toka-toka. Na jar dawa ya fi launi da ɗan bauri, masu sonsa ba sa yarda da wani. Na masara zalla ya fi arha, ya fi rashin gardi, kuma bai kamata a biya shi kuɗin na gero ba.

Akwai maganar da ba a cika faɗa a fili ba, alhali tana da muhimmanci ga mai ciyar da jama'a. Matakin farko na kunun zaƙi, wato tsiro ya mai da sitaci sukari, shi ne matakin farko na burukutu. Bambancin shi ne ana barin burukutu yis ya ci sukarin na kwanaki har ya zama giya, kunu kuwa ana tace shi a sha shi sabo. Sabon kunu ba ya bugarwa, amma wanda ya daɗe a zafi cikin rufaffiyar gora ya kama waccan hanyar. Alamun a bayyane suke: gora ta yi tauri, murfi ya yi tsaki da aka buɗe, kumfa na tasowa daga ƙasa, harshe na jin tsikari kamar lemon kwalba. Wannan ba na rabawa ba ne. A waje kunun zaƙi na yini ɗaya ne, a firji mai wuta kwana biyu ko uku.

Zoɓo ne jakin taro, shi ke ɗaukar wahala. Tsaminsa na asali yana hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa, don haka ya fi sauran jure zafi da ɗaukewar wuta. Kilo 1 na busasshen baƙin zoɓo yana isar lita 20 zuwa 25, da sukari kilo 2 zuwa 2 da rabi. Ku ɗaga kofin a haske. Ana son ja mai duhu amma garau. Idan ya koma ruwan ƙasa, an daɗe ana tafasa shi, minti 10 zuwa 15 sun isa, kuma za ku ji bauri yana ɗaure baki. Idan ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi kuma babu tsami ko kaɗan, an zuba kanwa ko bakin soda (farar hodar nan ta tashin kek) da yawa don a kashe tsami a rage sukari. Wannan dabara tana cire masa garkuwarsa, ya zama mai saurin lalacewa kamar sauran. Ɗanɗanon ƙarfe daga tukunyar alminiyam yake, tsami na cin ta. Kanumfari idan ya yi yawa harshe kan yi kamar an shafa masa maganin haƙori.

Gwajin kala mai sauƙi ne. Ku ɗebi cokali biyu a faranti fari, ku barbaɗa ɗan bakin soda. Zoɓon gaske nan take zai juya ya yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore mai duhu. Wanda aka tsinka da ruwa aka gyara fuskarsa da kalar abinci zai tsaya da jansa kusan yadda yake. Sai batun abarba: ɓawon da aka wanke aka tafasa tare da zoɓon ba ya kawo matsala, amma ɗanyar abarba ko kankana ko kokwamba da aka markaɗa aka zuba bayan ya huce tana ƙara daɗi tana rage kwana. Irin wannan a ɗauke shi kamar kunun aya wajen sanyi.

A lemon citta Kaduna ba ta da uzuri, tunda Kachia da Jaba da Kagarko ne gidan citta a ƙasar nan, inda ake noma irinta biyu: tafin giwa mai faɗi da launin rawaya, da yatsun biri mai siraran yatsu da duhu. Sai dai annobar da ta ci gonakin citta a kudancin jihar a 2023 ta sa kuɗinta ya tashi sosai, kuma duk abin da ya yi tsada ana nema masa ciko. Cikon citta barkono ne. Yajin citta a maƙogwaro da ƙirji ake jinsa, yana zuwa da ƙamshi ya lafa a hankali. Na barkono leɓe da bakin harshe yake kamawa, ya ƙi tafiya, ba ƙamshi. Ɗanyar citta ta fi ƙamshi mai kama da na lemon tsami, busasshiya ta fi zafi. Farin gari a gindin gora alamar citta ce ta gaske. Lemon tsamiya kuwa arha ne, yana jure zafi, abin dubawa kawai kada ya yi warin hayaƙi ko na tsohuwar tsamiya da ta yi fumfuna.

Duk wanda kuka ɗanɗana, ku haɗiye ku jira rabin minti. Zaƙin sukari da na dabino da na mazarƙwaila suna gushewa. Na sinadarin zaƙi irin su sakarin da danginsa yana maƙalewa a ƙarshen harshe da ɗaci-ɗaci kamar an lashi kwano. Idan mai yi ta ce tana sa maganin hana lalacewa, yawanci sodiyam benzowet take nufi, kuma shi a abu mai tsami kawai yake aiki sosai, kamar zoɓo da tsamiya. A kunun aya amfaninsa kaɗan ne, kada ya sa ku sakankance.

Sannan a koma kan gorunan da aka ajiye. Ta inuwa a buɗe ta bayan adadin awannin da taronku zai ɗauka, a lissafa har da tafiyar mota da cunkoson hanya. Ta firji a buɗe ta washegari. Mai yin da ta zo ta biyu a ɗanɗano amma gorarta ta tsaya lafiya bayan awa shida ta fi wadda ta zo ta ɗaya gorarta ta kumbura.

Tambayoyin da suka rage a yi su da ladabi, ba mai sana'ar kirki da za ta ji haushi. «Hajiya, don Allah da wane ruwa kike haɗawa?» Amsar da ake so ita ce tafasasshe, ko na leda mai rajista, musamman ga kunun aya da ba ya hawa wuta. «Gorunan sababbi ne?» Sabuwar gora murfinta na da zoben da ke tsinkewa a buɗin farko. Wadda aka tsinto daga wuraren taro aka wanke ba ta da shi, sau da yawa da ragowar takardar wani kamfani a jikinta. Wanda zai sayar a shago ko ya ajiye na makonni ya nemi mai lambar NAFDAC. Ƙanƙarar bulo ta kasuwa a kewaye goruna da ita, kada a jefa ta cikin abin sha.

Wajen lissafi, jarka mai lita 25 gora 50 ce ta rabin lita, ko kusan 70 ta santilita 35. Ƙaramar ta fi dacewa da taro, don babbar rabi ake sha a yar. A bazara a yi wa kowane baƙo gora ɗaya da rabi, da hunturu ɗaya ta isa. Ga taron mutum 200 na yini guda a zafi, zoɓo 150, citta ko tsamiya 90, kunun zaƙi ko na aya 60 da za a fara rabawa da su, tsari ne da ba ya ba da kunya. A ware gora 20 marasa sukari don dattawa da masu ciwon suga, a ɗaura musu zare a wuya. A rubuta a saƙon waya irin hatsin, girman gora, lokacin yi da lokacin kawowa, da wanda kula da ƙanƙara ke wuyansa. Idan kaya sun iso, kafin a cika kuɗi a zaro gora uku daga ƙasan kula, ba daga sama ba, a buɗe a ɗanɗana.