Fila, tiyata ko gyara daga gida: amsa kan kumburin ƙasan ido da kumatu

Ƙanwata, ga abin da na fahimta daga tambayarki. Shekarunki 24, a Jos kike zaune, ƙasan idonki da kumatunki suna kumbura har duk wanda ya gan ki sai ya tambaya ko lafiya, ko ba ki yi barci ba ne. Da kika je Abuja, a wani wurin gyaran jiki an ce a yi miki allurar fila, wato sinadarin da ake tsirawa a ƙarƙashin fata don cike rami, ƙawarki kuma ta ce tiyata ce kaɗai mafita, har da cire kitsen kumatu. Kina so a jera miki su, a gaya miki wanda ya fi.

Ba a cewa wannan ya fi wancan sai an san abin da ke ƙarƙashin fatar. Abu uku ne suke kama da juna a madubi, amma magani bai haɗa su ba. Akwai ruwa da ke taruwa. Akwai kitsen da ke kewaye da ƙwayar ido, wanda a wasu mutane yake turo kai gaba tun suna da ƙuruciya, kuma galibi gado ne. Akwai kuma kwarmi, ramin nan da ke gangarowa daga kusurwar ido ta wajen hanci, wanda inuwarsa ke sa abin da ke samansa ya yi kamar ya tasa. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu, wani ma duka ukun.

Kina iya fara rarrabewa da wayarki. Ki riƙa ɗaukar hoto bayan sallar asuba da kuma bayan la'asar, a wuri ɗaya, ba hoda ba kwalli, na tsawon mako guda. In da safe ya fi tashi, da yamma ya faɗa, ruwa ne. In yana nan daram safe da yamma, yana ƙara fitowa idan kin ɗaga ido sama ba tare da kin ɗaga kai ba, kuma mama ko gwaggo suna da irinsa, kitse ne. Ki taɓa ƙashin da ya zagaye idonki ma. Kitsen ido a samansa yake tsayawa. Kumburin da ya sauko ƙasa da ƙashin ya zauna a kan tudun kunci, yawanci ruwa ne a wurin da magudanarsa ba ta da ƙarfi, kuma shi ne mafi taurin kai a cikinsu duka.

Kafin maganar kwalliya, a fara da maganar lafiya, domin fuska tana kawo ƙarar wasu gaɓoɓi. Ciwon ƙoda yakan fara nuna kansa da kumburin ido da safe, tare da fitsari mai kumfa da ƙafa mai nauyi. Raunin tayiroid, wato ƙululun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, yana kawo kumburin fuska, kasala, bushewar fata da jin sanyi fiye da kima, ko da yake a Jos wannan alamar ta ƙarshe kowa zai ce yana da ita. Mai juna biyu kuwa in fuskarta ta kumbura, awon hawan jini ya kamace ta a ranar. Kunci ɗaya kawai in ya tashi, a duba haƙori ko hangum. Gwajin fitsari, na jini da awon hawan jini a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko a asibitin Jankwano ba za su kai kuɗin allura ɗaya ta fila ba.

Akwai tambayar da zan yi miki, kada ki ji haushi, ba sai kin amsa a fili ba. Wane mai kike shafawa, kuma kin taɓa shan maganin ƙara ƙiba? Da yawa daga cikin mayukan bilicin, musamman haɗin da ake sayarwa a kwalba ba suna ba lamba, suna ɗauke da sinadarin siteroid. In akwai rubutu a jikin bututun, ki nemi clobetasol ko betamethasone. Ƙwayoyin sha-ka-fashe kuwa da yawansu deksa ce, ita ma siteroid. Aikin wannan sinadari in ya daɗe a jiki shi ne ya tara ruwa da gishiri, ya kwaso kitse ya jibge a fuska da ƙeya. Sai ki ga fuska ta yi zagaye, kumatu sun cika, ga ƙuraje, ga nankarwa a cinya da hammata, fata ta yi siriri har jijiyoyi suna nunawa. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. In nan ne tushen, fila da tiyata duk asarar kuɗi ce, fuskar za ta sauka da kanta cikin watanni bayan an rabu da maganin. Amma wadda ta yi makonni tana shan deksa kada ta daina farat ɗaya, jiki yana iya faɗuwa warwas. Likita ne zai rage mata a hankali.

To, in gwaji ya fito lafiya kuma ruwa ne, ke kin tsira da arha. Rage gishiri da magi, musamman a abincin dare. Indomie da yajinta, tsire da kilishi kafin kwanciya, da safe a fuska za ki gan su. Ƙara filo ɗaya kanki ya ɗan ɗaga. Tsumma mai sanyi ko cokali daga firji na 'yan mintoci yana saukar da na safe. In da hunturu abin ya fi tsananta, ga atishawa ga ƙaiƙayin ido, ƙura ce jikinki ba ya so, kuma ƙwaya irin cetirizine ko loratadine ta fi kowane man ido mai tsada amfani. Ki daina murza idon. Mayukan ido masu sinadarin caffeine, irin na cikin kofi, suna ɗan matse wurin na 'yan sa'o'i, ba laifi ranar fita biki, amma ba sa taɓa kitse. Man basir da wasu ke shafawa a ƙasan ido, don Allah ki bar shi inda aka yi shi domin.

Yanzu ga manyan biyun da kika tambaya.

Fila ba ta rage komai, ƙari take yi. Wani sinadari ne mai kauri, hayaluronik, da ake tsirawa a cike rami. Saboda haka mai kwarmi da ɗan tudu kaɗan a samansa ita ce za ta ji daɗinta: an cike ramin, inuwa ta tafi, tudun ya ɓace wa ido. Ko a Amurka, da hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta amince da Restylane Eyelight a 2023, don kwarmin ƙasan ido ta amince, ba don kumburi ba. Aikin mintoci ne, ki tashi ki tafi harkarki, takan kai wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, a ƙasan ido ma takan wuce haka. Abin da ya fi kyau game da ita shi ne akwai allurar da ke narkar da ita in ba ta yi ba. Sai dai halinta ne jan ruwa. Wadda matsalarta ruwa ce, musamman mai tudun nan na kan kunci, in aka tsira mata fila kamar an ƙara wa Borno dawaki ne, kumburin zai ƙaru kuma yana iya zama na watanni. Ke da kika ce har kumatu ke tashi, wannan ne ya sa ban saki jiki da shawarar da aka ba ki a Abuja ba. Akwai kuma haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba amma babba ne: allura ta shiga jijiyar jini ta toshe ta, fata ta mutu ko ido ya makance. Shi ya sa ba aikin mai gyaran gashi da farce ba ne, komai kyan shagonta.

Tiyata ita ce akasin haka, ragewa take yi, kuma kitse take magani, ba ruwa ba. Ga matashiya irinki da fatarta ba ta saki ba, ta cikin fatar ido ake shiga, ba a yanka waje, don haka babu tabon da za a gani, abin da ke da muhimmanci ga fatarmu mai saurin riƙe tabo. Likita ya rage kitsen, ko kuma ya shimfiɗa shi cikin kwarmin da ke ƙasa, ya gyara biyu a aiki ɗaya. Za ki yi mako ɗaya zuwa biyu da kumburi da taruwar jini, sakamako na gaskiya sai bayan watanni. Kuɗinta a tashi ɗaya ya fi na fila, amma fila maimaitawa ake yi kuma daga waje ake shigo da ita, dala na tashi tana tashi. Inda tiyata ta fi ban tsoro shi ne ba a komawa baya. In aka kwashe kitse da yawa ido ya faɗa ciki, fuska ta tsufa. Fatar ido tana iya janyewa ƙasa, jini yana iya taruwa a bayan ido, ko da yake wannan ba safai ba. Kuma ba ta taɓa tudun kan kunci, wani lokaci ma takan bar shi ya fi fitowa.

Botox, maganin da ake tsirawa don sassauta tsoka, a ƙasan ido ba na wannan matsalar ba ne, yana sassauta tsokar da ke taimakawa wajen tura ruwa, sai kumburi ya ƙaru. Leza, wato na'urar da ke aiki da haske mai ƙarfi, da na'urorin matse fata kuma na wadda fatarta ta saki ne, ba ke ba, ga shi leza mai ƙarfi tana barin baƙin tabo a baƙar fata in mai riƙe da ita bai saba da irin fatarmu ba.

Maganar cire kitsen kumatu kuwa, nan zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana: a shekara 24 ban goyi baya ba. Ta cikin baki ake yanka a zaro wani dunƙulen kitse da ke ƙasan ƙashin kunci, wurin da magudanar yawu da rassan jijiyar motsa fuska suke wucewa. Ba ya dawowa. Fuska kuma da kanta take zubar da kitse yayin da shekaru ke tafiya, cikar da ke damunki yau ita ce za ta riƙe miki fuska a shekara 40, bayan haihuwa da shayarwa. Hotunan da ake nunawa na kafin da bayan aiki galibi na 'yan watanni ne, da wuya a nuna miki na bayan shekara 15. Bugu da ƙari, ba ya rage kumburin saman kunci, don ba can kitsen yake ba. In faɗin fuskar daga muƙamuƙi ne, wato tsokar tauna ce ta yi kauri kamar yadda takan yi wa masu cizon haƙora cikin barci ko yawan cin cingam, Botox a wannan tsokar yana rage ta na wata huɗu zuwa shida, in bai yi miki ba ya wuce da kansa. Allurar narkar da kitse irin Kybella, da aka amince da ita a Amurka a 2015, ta ƙarƙashin haɓa ce kawai. Duk wanda ya ce zai tsira miki irinta a kumatu ko kusa da ido, ki ɗauki jakarki.

In har aka kai ga allura ko wuƙa, ki tambayi cikakken sunan mai aikin ki tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar likitocin Najeriya. Tiyatar fatar ido ta likitan ido ce da ya ƙware a kanta ko likitan tiyatar gyaran jiki. Mai fila kuma ki sa ya buɗe kwalin a gabanki, ki tambaye shi ko maganin narkarwa yana nan a ɗakin a lokacin, ba sai an aika a sayo ba. Likitan kirki zai tambaye ki man da kike shafawa da magungunan da kike sha kafin ya faɗi farashi. In kuma biki ne a gabanki, kada a taɓa fuskar saura makonni kaɗan, ko fila tana bukatar kamar mako biyu kafin ta zauna, tiyata kuwa ki ba ta wata uku.

Da ni ce ke, da hotunan mako guda zan fara, in kwashi duk mayukan da nake shafawa a leda in tafi da su wurin likitan fata, a yi gwajin fitsari da na jini a wannan zuwan. In ruwa ne, ki ba gyaran gida wata biyu zuwa uku ki manta da fila. In kwarmi ne zalla, fila kaɗan a hannun likita. In kitse ne na gado kuma yana hana ki sakewa, ki je ki ji ta bakin likitocin ido biyu daban kafin ki sa hannu a takardar tiyata.